Bin Halittar Itace: Sassaƙa da Kafintanci a Ƙasar Lafiya

Garin Lafiya, wanda Barebari suka kafa a ƙarƙashin jagorancin Muhammadu Dunama wajen ƙarshen ƙarni na 18, kuma ya zama hedkwatar Jihar Nasarawa tun ranar 1 ga Oktoba 1996, Allah ya ajiye shi a wata ƙasa da ba ta nutsa arewa har itatuwa su yi mata ƙaranci ba, ba ta kuma gangara kudu har kurmi ya rufe ta ba, saboda haka duk wanda ya ratsa dazuzzukan da ke tsakaninsa da Doma, ko Keana, ko Awe, zai ga maɗaci da kawo da madobiya da ƙirya da maje da ɗinya da marke suna tsaye kusa da juna, ga giginya a fadamu, ga kaɗanya da ɗorawa a tsakiyar gonaki. Tun zamanin Sarki Muhammadu Agwai, wanda ya yi mulki daga 1881 zuwa 1903, kasuwar garin ta shahara a kwarin Binuwai, fatake suna bin hanyar Loko da kayansu zuwa bakin kogi. Kuma ko da yake doya da riɗi su ne abin da baƙo ya fi sanin Lafiya da su a yau, kasuwa irin wannan ba ta taɓa ci ba tare da gefen masassaƙa ba, inda ake jera turame da taɓare da akusa da kujerun mata. Game da wannan sana'a, da wata sabuwar ƙofa da nake ganin ta buɗe mata, nake so in yi bayani.

A 'yan shekarun nan an fara ganin wani irin kayan ɗaki a manyan masaukan baƙi da gidajen masu hali a Abuja da Legas: tebur wanda aka bar gefensa kamar yadda bishiyar ta tsiro, da lanƙwasarsa da tudunsa da kwarinsa, ba a miƙe shi da zarto ba, benci wanda ƙafafunsa rassa ne da suka rabu daga uwa ɗaya, teburin shayi wanda gindinsa saiwar bishiya ce aka wanke aka goge. Kowane ɗaya ana yinsa ne da hannu, bisa buƙatar mai shi, kuma ba a samun biyu masu kama da juna, domin ba a taɓa samun bishiya biyu masu kama da juna ba. Galibin masu saye suna ɗaukar abin baƙo ne da ya zo daga Turai ko Amurka, suna biyan kuɗi mai yawa a kansa saboda wannan zato. Ni kuwa ra'ayina shi ne asalin wannan hikima tana nan a hannun masassaƙanmu tun kaka da kakanni, kuma mutanen ƙasar Lafiya suna cikin waɗanda suka fi cancantar cin moriyarta, in har suka farga tun itatuwan ba su ƙare ba.

Hujjar farko tana rataye a kafaɗar kowane manomi. Masassaƙin da zai yi ƙotar fartanya ko ta gatari ba ya ɗaukar miƙaƙƙen itace ya ce zai sassaƙe shi har ya fitar da kai. Yakan shiga daji ne ya yi ta duba har ya sami wurin da reshe ya fito daga jikin uwarsa, ya sare da wannan kumburin, domin ya san a nan ne jijiyoyin itacen suka murɗe suka sarƙe da juna, kuma a nan ne za a huda a sa ruwan fartanya a yi shekaru ana sara ba ta tsage ba. Haka mai kafa rumfa yake neman dirka mai baki biyu, haka mai tokare reshen da 'ya'ya suka yi wa nauyi yake neman gwafa. Dalilin abin a fili yake ga wanda ya lura: itace tarin zare ne masu tafiya tare daga saiwa zuwa ƙarshen reshe, ƙarfinsa duka yana bin tsawon waɗannan zare, to idan aka yanko lanƙwasa daga cikin miƙaƙƙen katako an datse zaren ke nan a tsakiya, da ta ji nauyi sai ta karye, alhali lanƙwasar da bishiya ta yi da kanta zarenta na biye da ita daga farko har ƙarshe. Masassaƙi bai karanta wannan a littafi ba, amma ya san shi sani na yaƙini, kuma a kansa ya gina aikinsa.

Maƙwabtanmu ma haka suke. Tibi, waɗanda da yawansu ke noma a kudancin jihar, an san su da kujerar kishingiɗa wadda ake nemo mata reshe mai rassa a bar shi ya zama ƙafafu yadda ya tsiro. Nufawan Bida suna fitar da kujera mai ƙafafu da yawa daga gungume guda, ba gami ba ƙusa, su zane samanta da zane mai kyau. Dogon na ƙasar Mali suna yin tsanin hawa soro da kututture mai baki biyu, su sassaƙa matakai a jikinsa. Kujerar tsuguno da ake kai wa amarya a ƙasar Hausa ita ma daga itace ɗaya take fita, kuma sau da yawa takan riga mai ita tsufa ba ta yi ko girgiɗi ba.

Abin da ya sauya al'amari shi ne zuwan zarto da ma'auni. Da Turawa suka kafa mulki, aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ta ratsa Lafiya zuwa Kafanchan, aka buɗe gadar Makurɗi a 1932, sai ofisoshi da makarantu da tashoshi suka buƙaci tebur da benci da kabad masu kusurwa huɗu, aka koyar da samari kafintanci, sana'a ta rabu biyu: masassaƙi da gizagonsa a ƙauye, kafinta da zartonsa da gudumarsa a birni. Ba na ƙin kafintanci, kuma zalunci ne a raina shi, domin da shi aka yi ƙofofin gidajenmu da rufin masallatanmu da kujerun da 'ya'yanmu ke zama a aji. Illa dai ya zo da wata ƙa'ida wadda ta shiga zukata har ta zauna, cewa katakon kirki shi ne miƙaƙƙe marar gaɓa, abin da ya karkace kuwa na murhu ne. Daga baya filawud da fomeka da allunan garin katako da ake matsewa da gam suka cika kasuwa, ana yi wa amare gado da kabad masu ƙyalli waɗanda, da zarar damina ta ratsa su sau biyu ko uku, sai su kumbura su fara zubar da gari, iyaye kuwa sun riga sun ci bashi a kansu. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai, musamman idan na tuna irin itacen da ake ƙonawa a bayan garin da ake sayar da waɗannan kaya.

Ga Musulmi kuma akwai wata fa'ida a cikin wannan salo wadda ya kamata a ambata. Sana'ar itace sana'a ce mai daraja a wurin malamai: ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, masassaƙi ne, kuma Ibn Haldun ya keɓe mata fasali a cikin Muƙaddima, inda ya nuna buƙatarta ga ilmin handasa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yana jingina da kututturen dabino ne yana huɗuba, kafin wani masassaƙi, bawan wata mata daga cikin Ansar, ya yi masa mumbari mai matakai uku da itacen da aka saro daga Gaba, kusa da Madina. Da wani mai yin hotuna ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas yana neman fatawa a kan abincinsa, sai ya hana shi surar abin da ke da rai, ya nuna masa bishiya da abin da ba shi da rai. A kan wannan tafarki ma'abota sana'a na ƙasashen Musulmi suka bi, suka mai da ganye da reshe da fure abin adonsu, kamar yadda ake gani a mumbarin babban masallacin Ƙairawan na ƙasar Tunisiya, wanda aka yi tun ƙarni na 9 kuma yana nan har yau, da na masallacin Kutubiyya na Marrakush, wanda aka fara sassaƙawa a Ƙurɗuba a 1137. Wanda ya bar gefen katako yadda Mahalicci ya tsara shi, ya goge shi har zanen cikinsa ya bayyana, ya tsira daga shubuhar gumaka, ya kuma ajiye wa mai ɗakin abin yin tadabburi a kan ƙudurar Ubangiji kullum ya zauna cin abinci.

Mutumin da ya fi kowa fito da wannan salo a duniyar zamani shi ne George Nakashima, Ba'amurke ɗan asalin Japan, wanda aka haifa a 1905 ya rasu a 1990. Ya karanta ilmin zanen gine-gine, amma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1942, gwamnatin Amurka ta tsare shi da iyalinsa tare da dubban 'yan asalin Japan a sansanin Minidoka da ke Jihar Idaho, kuma a can ne ya haɗu da wani kafinta mai suna Gentaro Hikogawa, wanda ya koya masa aiki da kayan hannu irin na Japan. Da aka sake shi a 1943 ya zauna a New Hope ta Jihar Pennsylvania, ya shiga sayen gumagumai waɗanda masu injin katako suka ƙi saboda gaɓa ko rami ko tsaga, yana yanka su da faɗinsu, yana ajiye su shekaru har ya ga abin da kowane ya dace ya zama. A 1973 Nelson Rockefeller, gwamnan New York na lokacin, ya ba shi aikin kaya 200 na gidansa. Darasin da ke cikin labarinsa a gare mu shi ne, abin da ya ɗaukaka aikinsa shi ne ainihin abin da kasuwar katako ta jefar, kuma irin wannan abin jefarwa ya fi komai yawa a dajin Lafiya, domin bishiyar ƙasarmu, saboda gobarar daji da sarar makiyaya da tsawon rani, ba kasafai take miƙewa sambal kamar ta kurmin kudu ba.

To amma kada wani ya zaci abin sauƙi ne, ya saro gungume yau ya kai wa mai saye gobe. Mafi wuyar wannan aiki, kuma wurin da galibin masu gwadawa ke faɗuwa, shi ne busarwa. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, wani ma kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma yayin da ruwan ke fita jikinsa yana tsukewa. Sai dai tsukewar ba daidai take ta kowace fuska ba, a tsawo kusan ba ya raguwa, a faɗi kuwa yana raguwa sosai, kuma ta kewayen gungumen raguwar takan kusan ninka ta tsakiya zuwa baya, wannan ne ya sa faifan da aka yanko a gicciye yake tsagewa daga baki zuwa cibiya, faffaɗan katako kuma yake lanƙwashewa. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka daɗe suna bi ita ce a ba kowane inci ɗaya na kaurin katako kimanin shekara guda yana shan iska a inuwa, saboda haka allon tebur mai kaurin inci uku yana iya neman shekara uku kafin a sa masa hannu. Ana jera allunan ne a kan dandamali nesa da ƙasa saboda gara, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu domin iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, a shafe bakunan biyu da fenti ko kakin zuma, domin ta baki ruwa ya fi saurin fita kuma ta nan tsaga ke farawa. Yanayin Lafiya yana ƙara wa abin wuya: daga Afrilu zuwa Oktoba iska jiƙe take, sa'an nan hunturu ya zo ya tsotse komai cikin 'yan makonni, kuma katako, ko bayan ya zama tebur, ba ya daina shan danshi da fitar da shi. Gwani yakan yi lissafin wannan tun wajen haɗawa, ya ɗaure allon saman da ƙafafu ta yadda zai sami wurin motsi kaɗan, in ba haka ba ranar da hunturu ya tsananta sai a ji ƙara a tsakar dare, a wayi gari tebur ya rabe.

Idan tsaga ta riga ta auku ba a jefar da allon, ba a kuma cusa mata garin katako da gam a shafe da fenti don a ruɗi mai saye, domin wannan algus ne. Ana sassaƙo ɗan katako mai tauri, mai faɗi a kai biyu da tsukakken tsakiya kamar kalangu, a fafe masa gurbi a gicciyen tsagar, a dasa shi, sai ya riƙe ɓangarorin biyu ya hana ta ci gaba, a bar shi a fili kowa ya gani. Ɓawo kuwa cire shi ake yi, domin ƙwari a ƙarƙashinsa suke ɓuya, kuma farin da ke bayan ɓawon ya fi zuciyar itacen saurin cin gunda, sai an yi masa magani. Daga nan sai gizago da magagari da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi. Magabata da ganyen wani irin ɓaure mai kaushi suke wannan gugar. A ƙarshe a shafa mai a bar shi ya shiga jiki, a sake shafawa, maimakon a lulluɓe shi da fenti mai kauri wanda zai binne zanen da aka sha wahala dominsa. A nan ne kowane itace ke nuna halinsa: maɗaci ja ne mai duhu, kawo ja ne mai ratsin zinariya, ga nauyi ga jure wa gara, ƙirya tauri gare ta har tana dakusar da kaifi, shi ya sa ake turmi da ita, madobiya kuwa tana da ratsi-ratsi masu duhu a kan ruwan zuma waɗanda idan aka goge su ido ba ya gajiya da kallo.

Wannan kyau na madobiya shi ya jawo mata bala'i. Masu arzikin ƙasar Sin suna matuƙar son kayan ɗaki na jan katako irin na zamanin sarakunan Ming da Qing, kuma da irin waɗannan itatuwa suka yi ƙaranci a kudu maso gabashin Asiya sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma, suka bi ta Gambiya da Senegal da Gana da Jamhuriyar Binin har suka iso Nijeriya, inda aka yi ta sara a Kogi da Taraba da sauran jihohin tsakiya, manyan motoci suna kwasa zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. A taron yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, da aka yi a Johannesburg a 2016 aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da ba a fitar da su sai da izini. A 2017 ƙungiyar binciken muhalli ta EIA ta ba da rahoton cewa gumagumai fiye da miliyan 1.4, masu kimar dala miliyan 300, sun isa Sin daga Nijeriya ba bisa ƙa'ida ba. A 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. A taron Panama na 2022 kuma aka ƙara maɗaci da kawo cikin jerin. Abin baƙin ciki a nan ninki biyu ne, domin an tafi da itacen, an kuma tafi da aikin: ɗan ƙauyen da ya nuna bishiyar ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba, ladan sassaƙa da gogewa da ribar sayarwa duka suka tafi ga masu sana'ar wata ƙasa.

Saboda haka ba ina kira ne a ƙara shiga daji da injin sara ba. Masu fitar da gumagumai tsakiyar bishiya kawai suke ɗauka, su bar kututture da saiwa da marabar rassa a yashe. Masu faɗaɗa hanyoyi da masu share filayen gini suna tumɓuke manyan itatuwa da saiwoyinsu. Iskar farkon damina tana kayar da tsofaffin maɗatai da mangwarori a cikin gari kowace shekara. Duk wannan a yau ƙarshensa gawayi ne, kuma wanda ya bi hanyar Lafiya zuwa Akwanga da Keffi ya ga buhunan da aka jera a bakin titi suna jiran motocin Abuja ya san yawan abin da ake ƙonawa. Ba na zargin mai gawayi, talauci ne ya kai shi, kuma matan birni suna buƙatar abin girki. Amma kututturen ƙirya ko na kawo da zai ba da 'yan buhunan gawayi a ƙone su cikin wata guda, shi ne zai iya zama teburin da za a gada, kuma kuɗinsa ya ninka na gawayin sau da yawa. Mayar da irin wannan toka, alhali ga masu hannun da za su iya raya shi, yana kusa da israfin da aka hane mu. Kasuwa kuma ba ta yi nisa ba, tun da masu sayen kayan ɗaki a Kugbo ta Abuja a kan wannan hanya ta Keffi suke.

Game da ciniki, tun da kayan ba a jere suke a shago ba sai an sa a yi, ya kamata a kiyaye abin da malaman fiƙihu suka sharɗanta na fayyace abin da za a ƙera, da nau'insa da awonsa da ajalinsa da kuɗinsa, domin kauce wa garari da jayayya. Da yake kuwa allo ɗaya ba ya maye gurbin wani a wannan aiki, hanya mafi aminci ita ce mai saye ya je da kansa ya ga allon, ya san wane itace ne, daga ina aka samo shi, yaushe aka yanka shi, ya saye shi, sa'an nan a ƙulla ijarar aikin a kansa. Shi kuma mai sana'a amana ce a wuyansa kada ya rina farin katako ya kira shi maɗaci, kada kuma kwaɗayin kuɗin hannu ya sa ya karɓi aikin da ya san itacensa bai bushe ba.

Babbar matsalar da ta rage ita ce jari, domin ƙaramin kafinta mai neman na cefanen yau ba zai iya ajiye allo shekara uku yana kallo ba. Nan ne ƙungiyoyin kafintoci da 'yan katako za su yi amfani, su haɗa hannu su gina rumfar busarwa guda wadda kowa zai ajiye nasa da alamarsa da ranar yankansa. Nan ne kuma Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai za su iya taimakawa da ɗakin busarwa mai aiki da zafin rana, wanda ke rage jiran daga shekaru zuwa watanni, su kuma gayyato tsofaffin masassaƙa daga ƙauyuka su zauna da ɗalibai, domin sanin inda zaren itace ya nufa a hannun waɗannan dattawa yake, kuma 'ya'yansu da yawa sun koma acaɓa. Dashe ma wajibi ne a kan duk mai cin abinci da itace. Maɗaci yana tsirowa daga ƙwayarsa ba wuya in an shuka ta tana sabuwa, madobiya kuma tana sake tofowa daga kututturenta in an kare ta daga wuta da awaki a shekarun farko. Kuma tun da ganyen madobiya da na kawo da na maɗaci su ne abincin shanu a ƙarshen rani, Fulani makiyaya suna da nasu rabo a cikin wanzuwarsu, ya kamata masu unguwanni da hakimai su sa su cikin shawara duk lokacin da za a keɓe wani yanki na daji don a bar shi ya farfaɗo.